Filin Tambayi Likita: An sallame ni na warke, amma laifes ya ƙi sauka

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon ciwon fankiriyas ne ya cinye mana filin gaba ɗaya, saƙo huɗu na samu a kansa kusan lokaci guda kuma duk takardar gwajin jini ce ta haɗa su, wato gwajin laifes da amiles, sinadaran da fankiriyas ke fitarwa, wani ta hana shi barci wani kuma ta sa shi barcin da bai kamata ba. Masu tambayar basir da hawan jini ku ƙara haƙuri kuna layi.

TAMBAYA

Salam Likita ya aiki ya haƙuri damu. Ni ɗan kasuwa ne a Kano shekarata 43, wata biyu da suka wuce cikin dare ciwon ciki ya tashe ni daidai ƙahon zuciya yana sukata har gadon baya ga amai ba tsayawa, na ɗauka olsa ce dan dama ina fama da ita aka kira mai kemis yamin allura ko gezau, da asuba yayana ya kaini asibiti aka ɗebi jini akace fankiriyas ɗina ne ya kumbura, laifes ya haura 1,900. Kwana shida nayi a gado ana ƙarin ruwa aka sallameni. Yanzu Alhamdulillah babu ciwo babu amai na koma shago, amma sau uku ina zuwa lab da kaina ina sake gwajin, na farko 140 na biyu 118 na uku kuma ya koma 150, alhali a takardar sun rubuta kada ya wuce 60. Wlh Likita tun da naga 150 ɗin nan bana iya barci, na daina cin nama kwata-kwata da duk wani abu mai maiƙo har na rame, wani abokina yace irin haka ciwon kansa (daji) ke farawa. Sikanin ɗaya akamin ina kwance mai yin yace iska ta rufe baiga komai sosai ba. Bana shan giya ban taɓa ba, sigari dai nakan ɗan taɓa. Dan Allah ciwon ne bai tafi ba ko me? Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam, sannu da jiki Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai ka daina zuwa lab da kanka kana sake gwajin nan, kuɗinka kawai kake kashewa kana sayen fargaba. Amma ban ce ka share maganar ba, akwai aikin da ba a ƙarasa maka ba, zan zo kansa.

Shi fankiriyas, da yawa suna ce masa saifa amma ba saifa ba ne, saifa tana can gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari aikinta daban. Shi wannan wata tsoka ce mai laushi da ta kwanta a gicciye a bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15, shi ya sa in ya kumbura ciwon ke ratsawa baya kuma mutum ya fi jin dama-dama in ya zauna ya dunƙule gaba. Aiki biyu yake yi, yana fitar da insulin mai daidaita suga, yana kuma zuba ruwan narkar da abinci cikin ƙaramin hanji. A cikin ruwan nan akwai amiles mai narkar da sitaci irin tuwo da shinkafa, akwai laifes mai narkar da mai, a takardarka za ka ga an rubuta amylase da lipase. A hanji ya kamata su yi aiki, ɗan kaɗan ne ke shiga jini. In fankiriyas ya kumbura sai su yoyo cikin jini da yawa, abin da aka gani ranar da aka kai ka ke nan.

Toh yadda muke tabbatar da ciwon, abu uku ake dubawa kuma sai an samu biyu daga ciki: irin ciwon cikin da ka kwatanta, laifes ko amiles ya ninka iyakar lab ɗin sau uku ko fiye, sai hoton ciki da ya nuna kumburin. Wannan ita ce ƙa'idar Atlanta da aka sabunta a 2012 kuma da ita ake aiki kusan ko'ina. Lab ɗinka iyakarsu 60, ninki uku 180 ke nan. Kai ba ka da ciwo, lambarka ba ta kai 180 ba, ka ga ko ɗaya cikin biyun ba ka cika ba. Saboda haka da abin da ka rubuto, ba zan ce kana cikin sabon ciwon fankiriyas ba.

Kuma wani abu da mutane ba sa yarda in mun faɗa, girman lambar ba ya nuna girman ciwon. Za ka ga mai 5,000 ya tashi a kwana uku ya tafi gida, mai 600 yana ɗakin kulawa ta musamman. Gwajin na gano ciwon ne a ranar farko, ba na auna warkewa ba ne, shi ya sa ko a gado ba ma son a riƙa maimaita shi kullum, abin da muke kallo shi ne ciwo ya lafa, mutum yana ci yana riƙewa, zazzaɓi babu, fitsari na fita. Bambancin 118 da 150 ma da ya hana ka barci ba wani bambanci ba ne, lambar takan yi sama da ƙasa haka ko a mutum ɗaya a mako ɗaya, balle in ba lab ɗaya ka je ba, don wata na'urar iyakarta 60 wata har 300.

Sai dai gaskiya ne a yawancin mutane amiles kan koma daidai cikin kwana 3 zuwa 5, laifes kuma cikin kwana 8 zuwa 14. Kai ga shi an doshi wata biyu, to dole a tambaya me ya riƙe shi.

Wanda na fi zargi a irin labarinka, kuma wanda ya sa nake son a sake maka hoto, shi ne ruwa da ke taruwa a gefen fankiriyas bayan kumburi. Ruwan nan cike yake da laifes da amiles, in ya kai kamar mako huɗu jiki sai ya yi masa bango ya zama kamar ƙunshi, yana zaune yana ɗan tsiyaya cikin jini a hankali. Mutum zai iya ɗauke da shi bai sani ba, wani kuma sai ya ji yana saurin ƙoshi ko ciki ya yi masa nauyi ta sama. Da yawansu da kansu suke shanyewa, ba a taɓa su sai in suna sa ciwo ko sun danne tumbi ko hanyar maɗaciya ko sun kamu da ƙwayoyin cuta. Wani lokacin kuma ba ƙunshin ba ne, bututun da ke cikin fankiriyas ɗin ne ya ƙuntata ko ya ɗan tsage wajen warkewa, ko kuma kumburin ne dai bai gama sauka ba, don naman ciki ba ya warkewa ranar da aka rubuta takardar sallama.

Akwai kuma dalilan da ba ruwansu da fankiriyas sam. Ƙoda ce ke tace sinadaran nan daga jini, in ta yi rauni sai su taru, kuma ciwon fankiriyas ɗin kansa yakan taɓa ƙoda, don haka gwajin ƙoda na cikin abin farko da za a yi maka, ba shi da tsada. Masu ciwon suga da yawa laifes ɗinsu kan ɗan hau ba tare da wani ciwo ba. Gyambon ciki da kumburin hanji su ma suna ɗaga shi, kai kuma ka ce kana da olsa. Sai magunguna: wasu na suga irin sitagliptin da alluran nan na rage ƙiba da ake yayi yanzu irin Ozempic, maganin farfaɗiya valproate, wasu magungunan sa fitsari na hawan jini, da kodin da danginsa da ke matse bakin bututun. Kodin ɗin nan ba don ina zarginka na ambata ba, don masu karatu ne, tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma kowa ya san bai ɓace daga unguwanni ba. Ranar da za ka koma asibiti ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi, har na gargajiya da na Islamik kemis, kar ka ji kunya.

Akwai wani likita ɗan Italiya, Lucio Gullo, da a 1996 ya bayyana mutanen da sinadaran nan ke hawa da sauka a jininsu shekara da shekaru alhali fankiriyas ɗinsu lafiya lau, har ake kiran abin da sunansa. Na kawo shi ne don ka san lamba na iya zama sama mutum yana lafiya, amma ba a saka wa mutum wannan sunan sai an bincika an rasa komai an kuma bi shi na tsawon lokaci, kai da ka taɓa kwanciya da ciwon ba da nan za a fara maka ba.

Yanzu ga inda na ce ba a ƙarasa maka aiki ba. Duk wasiƙarka ban ga inda aka gaya maka me ya jawo ciwon ba, kuma wannan ya fi 150 ɗin can muhimmanci nesa ba kusa ba. Manyan dalilai biyu a duniya su ne tsakuwar maɗaciya da giya. Ka ce ba ka sha, na yarda. Saura tsakuwa, kuma sikanin da aka yi maka ba a ga komai ba saboda iska, wanda haka yake faruwa sosai lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa don hanji kan tsaya ya cika da iska. Toh a sake shi yanzu da ciki ya kwanta, ka je da safe ba ka ci komai ba na awa 6 zuwa 8 don maɗaciya ta cika a gan ta da kyau. A auna kitsen jini wanda ake kira tiraigilisaraid, in ya haura 1,000 mg/dL shi kaɗai ya isa ya kumbura fankiriyas. A auna kalsiyam, a yi gwajin hanta, a duba suga. A nan ƙasashenmu har tsutsar ciki, dogayen nan, takan shiga bututun ta toshe shi, ko da yake a yara aka fi gani.

Maganar ciwon daji da abokinka ya yi. Ba zan ce maka ƙarya ce zalla ba, amma ya faɗe ta a karkace. Laifes ba gwajin kansa ba ne, hawansa ba ya nufin daji kuma saukarsa ba ta wanke mutum. Abin da yake gaskiya shi ne duk wanda ya haura 40 ya yi ciwon fankiriyas aka rasa dalili, ana so a yi masa hoto mai zurfi, CT na fankiriyas da ake sa ruwan allura ko MRI mai nuna bututun, bayan kumburin ya sauka, don a wasu 'yan tsiraru ƙari ne ya toshe hanya ya jawo ciwon. 'Yan tsiraru na ce. Kai shekararka 43 kuma kana shan sigari, to ka cancanci hoton nan ko da laifes ɗinka 30 ne, kuma hoton guda zai amsa maganar ƙunshin ruwan ma, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Na san da tsada, amma in ka haɗa kuɗin gwaji ukun da ka yi da wanda kake shirin yi na huɗu da na biyar ai ka kama hanya. Ka nemi a tura ka wajen likitan ciki da hanta a asibitin koyarwa, kuna da su a Kano.

Sigari kuma ba "ɗan taɓawa", a bar ta. Tana ƙara yiwuwar ciwon ya dawo, tana tura shi ya zama na dindindin, kuma tana cikin manyan abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin fankiriyas. In tsoron ciwon daji ne ya hana ka barci to ga inda za ka kai tsoron.

Ramar da ka yi, ina kyautata zaton yunwa ce ka saka wa kanka. Ba a ce ka bar nama ba, mai ne ake ragewa. Ka ci kaza ba fata, kifi gasasshe ko dafaffe, jan nama marar kitse, wake, alale marar mai da yawa, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa da ba a malala mata man shanu ba, faten tsaki, kunu, 'ya'yan itace. Kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana ya fi a zauna a tashi da malmala uku. Abin da za ka ɗaga wa ƙafa su ne soye-soye, ƙosai da fanke da awara, tsire mai ƙuli da kitse, balangu, ganda, ɗanwake da ake wa wanka da mai. In ka koma cin abinci sosai na wata guda kuma ramar ba ta tsaya ba, wannan magana ce daban ka gaya wa likita.

Abin da ba a jira da shi: ciwon nan ya dawo, amai ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, ido ya yi shawara ko fitsari ya koma kamar shayi ba madara, ciki ya kumbura, baƙin bayan gida ko aman jini. Ko ƙarfe biyun dare ne asibiti, ba kemis ba.

TAMBAYA

Dakta barka da aiki. Ni sikila ce shekarata 26, bayan sallah aka kwantar dani akace tsakuwar maɗaciya ce ta sauko ta toshe ta jawo min ciwon fankiriyas, sukace sai an cire maɗaciyar gaba ɗaya. Toh yanzu na sake gwaji laifes ɗin ya dawo daidai 38 kuma bana jin komai, Mama tace tunda jini ya nuna lafiya a bar maganar tiyata akwai mai magani da ke narkar da tsakuwa. Ni kaina tsoron aikin nake. Zan iya fasawa? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA

Ƙanwata sannu, ki gaida Mama ki ce ina ba ta haƙuri amma ban goyi bayanta ba a nan. Kin ga ke da mai tambayar farko kun yi hannun riga, shi lamba ta tsorata shi ke kuma ta rarrashe ki, kuma duk ba ta da wannan matsayin. 38 ɗin nan abin da take cewa kawai shi ne tsakuwar da ta toshe ta wuce. Sauran suna nan a cikin jaka suna jiran layi.

Bututun maɗaciya da na fankiriyas bakinsu ɗaya wajen shiga hanji, shi ya sa 'yar ƙaramar tsakuwa in ta maƙale a nan take tayar da fankiriyas, kuma ƙananan sun fi manyan haɗari don su ne ke iya fitowa. Ku masu sikila kuna yin tsakuwa da wuri saboda jininku na saurin fashewa, launin da ke fita daga ciki shi ke dunƙulewa ya zama baƙar tsakuwa. Irin wannan ko maganin asibiti na narkar da tsakuwa ba ya cin ta, balle jiƙo, kuma ko an ce ta narke gobe jikinki zai sake ƙera wata. Abin da ake bi yanzu shi ne in ciwon bai yi tsanani ba a cire maɗaciyar tun kafin a sallami mutum ko cikin 'yan makonni, saboda an ga waɗanda ake cewa su je su dawo da yawa suna dawowa ne da sabon ciwo kafin ranar aikin, kuma ba wanda zai miki alkawarin na biyun zai zo da sauƙin na farko.

Tsoronki ba laifi ba ne, tiyata ga mai sikila tana son shiri. A yi ta inda likitan jini zai zauna da likitan tiyata da mai sa barci, a duba yawan jininki, wataƙila a ƙara miki kafin aikin, a kula da ruwa da iskar oksijin da ɗumi. Aikin da aka shirya ranar da kike lafiya ya fi wanda za a yi a guje kina cikin rikici. In akwai inda ake yi da na'urar huda ciki ba yanka ba, ya fi saurin warkewa. Kuma ana rayuwa lafiya ba maɗaciya, hanta ce ke yin ruwan ita ma'ajiya ce kawai, ba ya hana aure ba ya hana haihuwa, na san Mama za ta tambaya.

TAMBAYA

Likita ina gaisuwa. Mahaifinmu yayi ciwon pankreyas shekara guda da ta wuce ya warke sarai, amma duk analiz da za'ayi amylasémie (amiles na jini) tana sama, lipasémie (laifes na jini) kuma daidai take, eko da sikanar (hotunan ciki) duk basu nuna komi ba. Mi ke kawo haka? Daga Maraɗi.

AMSA

Ɗan'uwa ina amsawa, a gaida Baba. In laifes daidai, hoto daidai, mutum na cin tuwonsa, to da wuya amiles ɗin nan daga fankiriyas yake fitowa. Kaso mai yawa na amiles da ke jini daga ƙwayoyin yawu yake, shi ya sa mai hangum ko mai kumburin gefen muƙamuƙi nasa ke hawa. Raunin ƙoda ma na riƙe shi, ga dattijo sai a duba. Sannan akwai waɗanda amiles ɗinsu ke manne wa wani babban furotin a jini ya yi girman da ƙoda ba ta iya fitar da shi, sai ya yi ta yawo yana ɗaga lamba, ba cuta ba ce ba ta son magani. Gane ta ba wuya, a auna amiles na fitsari tare da na jini, in na jini na sama na fitsari na ƙasa kuma ƙoda lafiya take to ita ake zargi. Saboda irin wannan ruɗanin ne hukumar lafiya ta Faransa tun 2009 ta ce a riƙa auna laifes kaɗai in ana zargin ciwon fankiriyas. Ku nuna wa likitansa wannan, in ya tabbatar sai a rubuta a katinsa don kar wani ya sake tayar muku da hankali gaba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita dan Allah a sakaya sunana. Maigidana sau huɗu ana kwantar dashi da ciwon nan cikin shekara uku, da yana shan giya amma Alhamdulillah ya tuba ya bari. Yanzu gwajin laifes ɗinsa har ƙasa yake da iyaka, shi yana murna wai ya warke, amma ni hankalina bai kwanta ba dan kullum ramewa yake duk da yana ci, bayan gidansa mai maiƙo ne yana da wari sosai ruwa baya tafiya dashi, ga shan ruwa da fitsarin dare. Kuma ya dage sai yayi azumin Litinin da Alhamis wai yana rama abin da ya wuce. Daga wata matar aure, Jos.

AMSA

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya karɓi tubansa ya saka miki da kulawar da kike yi, kuma hankalinki ya fi takardar gaskiya. Wanda ciwon ya yi ta maimaita masa, fankiriyas ɗin kan zama tabo, ya ƙanƙance, wani har tsakuwa ta fito a cikinsa. In naman da ke ƙera laifes ya ƙare ai ba abin da zai yoyo cikin jini, sai lamba ta yi ƙasa, wani ma yana tsakiyar ciwo gwajin zai fito daidai. Rijiyar da ta ƙafe ba ta ambaliya.

Abubuwan da kika lissafa sun yi kama da ayyukan nan biyu ne suka gaza tare. Bayan gida mai maiƙo da ke tasowa saman ruwa, mai ne ke wucewa ba a narkar ba, tare da shi bitamin A da D da E da K ke tafiya, shi ya sa yake ci yana ramewa. Ƙishirwa da fitsarin dare kuma suga nake zargi. Wannan kar ya kwana biyu, gobe a auna sugansa. In ya tabbata, ki sani sugan da ke zuwa ta wannan hanyar yana da wuyar sha'ani, don ba insulin kaɗai ya ragu ba har sinadarin da ke ɗaga suga in ya faɗi, sai ya zama yana hawa da sauri yana faɗuwa da sauri, da yawa sai an haɗa musu da allurar insulin. Saboda haka azumin nafilan nan a dakata da shi tukuna har a san inda aka tsaya, na Ramadan ma in ya matso a zauna da likita kafin a ɗauka. In ba zai ji daga bakinki ba ki samu wanda yake jin nauyi, yayansa ko limaminsu, ya gaya masa.

A yi masa hoton CT. Akwai gwajin bayan gida da ke auna wani sinadarin fankiriyas mai suna ilastes, in ya gaza 200 ya nuna ƙarancin, ba kowane lab ke yi ba, in ba a samu ba likita na iya fara magani ya ga yadda jiki zai amsa. Maganin kafso ne mai ɗauke da sinadaran da jikinsa ya daina yi, wanda aka fi sani shi ne Creon, kuma yadda ake shan sa shi ne rabin aikin: tare da lomar farko, in abincin da yawa a raba wani a tsakiya, ba a tauna shi, ba a sha bayan an gama an wanke hannu. Shi ba irin mai tambayar farko ba ne, in ya fara maganin ba a so a hana shi mai gaba ɗaya, jikinsa na bukata. Giya ko kurɓi ɗaya babu, sigari ma haka in yana sha.

Abu ɗaya da gara ku ji daga bakina da ku gani a jikin kwali hankalinku ya tashi, maganin nan daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa shi, kuma har yanzu ba a samu wani da ya kai shi aiki ba. Ni ba malami ba ne ba zan ba da fatawa ba, amma babin lalura sananne ne a fiƙihu. Ku je wajen malamin da ya yarda da shi da takardar likita a hannu, ku gaya masa ƙarara cewa babu madadi kuma rashin shan na nufin rama da tamowa, ya ba ku amsa a kan haka. In kun auna sugan ki rubuto min lambar, da nauyinsa na yanzu da na bara in kin sani.